Sawu Biyu a Kan Rairayi

Ajingi, ranar Lahadi.

Zuwa ga Nasiru,

"Inna, na yi miki alƙawari, ba zan juya sau biyu a iska ba sai ranar da mai horar da mu ya ce na isa, kuma yana tsaye kusa da ni don ya tare ni." Maganarka ce wannan, ban ƙara mata ko wasali ba. A zauren gidan nan ka faɗe ta ranar da hutu ya ƙare, kana ɗaure akwatinka da igiya, bakinka cike da ƙuli-ƙulina. Na rubuta ta a bayan kalanda, domin na san ɗan da na haifa. Alƙawarin bai cika wata biyu ba ka karya shi, a gaban alƙalai da 'yan kallo, mai horar da ku kuwa yana can ƙarshen ɗaki yana ɗaure wa wani yaro hannu.

To, na fitar da wannan. Bari in koma inda ya kamata in fara. Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin sauƙi. Alhamdu lillahi da ya bar mini kai da wuyanka a haɗe. Tun ranar Laraba nake faɗin haka, ko tuwo nake tuƙawa, har maƙwabta sun fara kallona.

Ɗanlami direba ne ya kawo mini labarin, ka kuwa san Ɗanlami, bai taɓa sauke labari yadda ya ɗauko shi ba. Ya tsayar da motarsa a ƙofar makaranta da fasinja a ciki, ya leƙo ta taga ya ce, "Malama, ɗanki na Kano ya faɗo da ka, an ce ko motsi ba ya yi." Ya ja mota ya wuce. Na koma aji na ƙarasa darasin lissafi, don ban san abin da zan yi da ƙafafuna ba idan na tsaya. Washegari da sassafe ina tasha ina jiran motar Kano, sai ga yayarka Rakiya tana saukowa daga wadda ta iso, ko kayan aikinta na asibiti ba ta cire ba. Ta ce, "Inna, koma gida. Targaɗe ne a wuya da kafaɗa, an ɗauki hoton ƙashi babu karaya. Na baro shi yana neman ƙarin miya." Na zauna a kan buhun geron wani bawan Allah na yi kuka, shi kuma yana tsaye yana jiran buhunsa, ya rasa yadda zai ce in tashi.

Kada ka tambayi abin da ya hana ni zuwa duba ka. Idan na zo marinka zan yi a gaban abokanka, wuyanka kuma bai warke ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Rakiya ta zo mini da abu biyu. Na farko takardar da ke cewa duk da faɗuwar an zaɓe ka cikin waɗanda za a kai Legas horo na wata shida, kuma tunda ba ka kai sha takwas ba sai uba ko uwa ta sa hannu kafin ƙarshen wata. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ba ya nan, saboda haka hannuna ake jira. Takardar tana cikin adakata, ban sa ba. Na biyu littafin ƙa'idojin ba da maki na wannan wasa da kuke kira jimnastik, mu muke kira alkafura. Ta tsince shi ƙarƙashin matashinka. Zan zo kansa. Amma kafin nan akwai abin da ban taɓa gaya maka ba, kuma laifina ne da na bari har ka kai ga faɗowa da ka ba ka ji shi ba.

Kana goye a bayana aka kai ni koyarwa Balan. A can, idan an gama cire gyaɗa ruwan rafi ya ja baya, samari da 'yan makaranta kan taru a kan rairayi bayan la'asar su yi alkafura. Akwai mai kalangu, akwai mata a gefe ƙarƙashin giginya, akwai kuma wani tsoho da ake kira Baba Tanko, wanda ba ya rabuwa da tsintsiya. Kafin kowane yaro ya yi gudu, Baba Tanko zai share wurin sauka har ya yi sumul. Yaro zai taho, ya tashi, ya juya, ya dira. Ba wanda zai yi tafi. Sai Baba Tanko ya tako a hankali, ya tsuguna, ya duba rairayin. Idan sawu biyu ya gani kafaɗa da kafaɗa, babu na uku, sai ya ɗaga tsintsiya ya ce, "Biyu." A nan ne mata za su rangaɗa guɗa. Idan yaro ya ƙara taku sai ya ce, "Uku. Koma wajen innarka ta ƙara maka fura." Idan ya ga shatin hannu ya ce, "Wannan akuya ce, da ƙafa huɗu ta zo." Wanda ya sauka da mazaunai kuwa, cewa yake an kawo wa Balan sabon turmi.

Shekara uku bayan samun mulkin kai aka ce makarantun ƙasar Gaya za su riƙa gasa a wannan wasa, har da kofi. Sai aka nemi wanda zai tsara yadda za a ba da maki. Ni ce na yi darasin motsa jiki a kwalejin horar da malamai, littafin da na kwafa yana nan, sai hedimasta ya ce in rubuta. Ni kaɗai ce mace a teburin alƙalai, kuma ina so su san da zamana. Na ja layuka da rula. Dungure maki ɗaya. Tafiya da hannu biyu. Alkafura ta gaba uku, ta baya biyar. Wanda ya jera su, a tara masa. Na dubi takardar nan na ga ta yi kyau, na ce yau na fitar da wasan ƙauye daga duhu.

Baba Tanko bai iya boko ba, sai ya zo har makaranta ya ce in karanta masa. Na karanta. Sai ya ce, "Malama, na ji tashi, na ji juyi. Ina sauka?"

Na ce, "Baba, ai duk wanda ya tashi zai sauko. Wannan ba gwaninta ba ce, ƙasa ce ke jawo shi."

Ya ce, "Haka ne. Jifa ma yana saukowa." Ya saka tsintsiyarsa a hammata ya tafi.

Gaskiyar magana, Nasiru, ban manta da sauka ba. Ban san yadda zan ƙirga ta ba ne, sai na ce ba ta da muhimmanci. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma irin kuskuren masu karatu ne, jahili ba ya yin sa. Ka riƙe wannan: takardar maki ba ta auna abin da ya fi daraja a wasa, tana auna abin da mai rubuta ta ya iya ƙirgawa. Duk lokacin da aka miƙo maka irin wannan takarda, kafin ka duba abin da ke ciki, ka tambayi abin da aka bari a waje.

Muna da wani yaro a aji shida, Hamisu. Ban taɓa ganin mai tashi irin nasa ba, har yau, har kai. Yakan jira kalangu. Ƙafafunsa a haɗe kamar taɓarya, yatsu a miƙe, idan ya kai sama sai ka ga kamar ya ɗan tsaya, irin tsayuwar shirwa tana duba kaji, sannan ya dira daidai da bugun ganga. Baba Tanko ma wani lokaci ba ya tsugunawa, daga tsaye yake cewa biyu.

A filin makaranta aka yi gasar, a kan ƙasa mai tauri da aka shimfiɗa wa buhunan ɓawon gyaɗa, inda sawu ba ya fita. Hamisu ya yi alkafura uku, kowacce kamar an zana ta. Wani yaro daga wata makaranta ya jera bakwai, ƙafafu a warwatse kamar kazar da aka jefo daga kan danga, ya ƙarasa da rub-da-ciki ƙarƙashin teburinmu har ya zubar da tawada. Muka tara maki. Shi ya ɗauki kofi. Ni na miƙa masa, da tawada a zanena. Filin ya yi tsit. Sai a hanyar komawa gida matan Balan suka yi wa Hamisu guɗarsa.

Washegari ya tsaya bayan an tashi aji, ya ce, "Malama, me na yi ba daidai ba?"

Na ce, "Ba ka yi komai ba daidai ba. Kaɗan ka yi."

Na yi shekara talatin ina magana a gaban allo, babu jimlar da nake so in janye kamar wannan. Domin ya ji ni. Duk yaran sun ji ni. Yara ba sa bin abin da ka ce musu yana da kyau, abin da ka ba maki suke bi. Shekarar nan gaba ɗaya babu wanda ya koma rafi. Me za su je yi? Suna bayan makaranta suna jera juyi suna zubewa kamar buhuna, suna ƙirga wa juna. Da gasa ta sake zagayowa na ga kowa ya iya jera bakwai, ba yadda za a raba su, sai na ƙara layi ɗaya a ƙasan takardata: wanda ya juya sau biyu a iska kafin ya taɓa ƙasa, maki goma. Ban taɓa ganin an yi ba. A littafi na karanta cewa ana yi.

Hamisu ya kife turmi ya hau kai don ya sami tsawo. Ya juya ɗaya da rabi. A kan ƙugunsa ya sauka, gefen buhunan, a kan tsurar ƙasa. Ina zaune taku biyar daga wurin, da alƙalami a hannuna, na ji ƙarar. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa wata huɗu, amma ƙafar ta warke a gajarce.

Ka san shi. Hamisu tela ne na bakin kasuwar Gaya, mai ɗingishi, wanda ya ɗinka maka duk kayan makarantar da ka taɓa sawa. Ka taɓa tambayata me ya sa muke wuce teloli huɗu a Ajingi mu hau mota zuwa Gaya, na ce maka ɗinkinsa ya fi ƙarko. Ɗinkinsa yana da ƙarko, amma ba shi ne dalilin ba.

Kada ka ɗauka daga nan na yi hankali. Tsoro na yi, tsoro kuwa ba hankali ba ne. Shekara ta uku na yage takardar na rubuta sabuwa: duk wanda ƙafarsa ta gusa bayan ya sauka, ko hannunsa ya taɓa ƙasa, an soke makinsa gaba ɗaya. Ka san abin da ya faru? Babu yaron da ya bar ƙasa. Kowa ya zo ya yi dungure, ya miƙe, ya ƙame kamar soja. Wani lukuti da bai taɓa tsallake kwata ba shi ya ci kofi da dungure uku. Mai kalangu ya rataye gangarsa tun ana tsakiyar wasa ya tafi cin kasuwa. Baba Tanko ya zo kallo ranar, ya tsaya a bayana ya ce, ba da ƙarfi ba, "Bara kin kashe sauka, bana kin kashe tashi. Baɗi me ya rage?"

Babu abin da ya rage. Yaƙin basasa ya zo aka daina gasar, yara kuma ba su koma rairayi ba, sun riga sun koyi kallon tebur maimakon tsintsiya. Baba Tanko ya rasu shekarar da aka yi fari, ban je na ce masa ya yi gaskiya ba.

Sai daga baya na gane abin da tsohon nan yake yi wanda takarduna biyu suka kasa. Ba sauka kaɗai yake dubawa ba. Idan yaro ya yi abu mai sauƙi ya dira da sawu biyu, zai ce, "Biyu, amma kakata ma za ta iya," kowa ya yi dariya, yaron ya ji kunya ya je ya koyo mai wuya. Idan kuma ya hango yaro zai gwada abin da bai kai ba, sai ya ƙi share masa wuri. Ya tsaya kawai da tsintsiya a hammata yana kallon sama, har yaron ya koma layi. Saboda haka ba cewa nake ka zama mai dungure ba. Na ga wasan matsorata, na ba shi kofi da hannuna, ba na son ka da shi. Ka koyi mai wuya. Amma abu mai wuya bai zama naka ba sai ranar da ka iya sauka daga gare shi.

Kuskurena na uku a kanka na yi shi, kuma shi ne ya fi ba ni haushi, domin a lokacin na riga na sani. Tun kana ɗan shekara biyar kake wuntsilawa a kan tulin ɓawon gyaɗa a bayan gida. Da ka tafi sakandare a Kano ka haɗu da masu katifu da sanduna, duk hutu idan ka dawo tambaya ɗaya nake maka: "Nawa ka ci? Wa ya fi ka?" Ban taɓa cewa ka yi mini in gani ba. Ina tsoron kallo, sai na ɓuya a bayan lamba. Ranar da ka ce mini wani ɗan Fagge ya fi ka da ɗan guntun maki, me na ce? Na ce, "To me yake yi da ba ka yi?" Ka ce yana juyi biyu. Na ci gaba da tankaɗe. Daga baya na sa ka yi mini alƙawari, amma ai ka riga ka ji tambayar, kuma tambayar ta fi alƙawarin ƙarfi. Wannan kashin nawa ne, na ɗauka. Idan Allah ya ba ka 'ya'ya ko ɗalibai, ka lura da abin da kake tambayarsu, shi ne takardar makinka ko ba ka ja layi da rula ba.

Yanzu littafinka. Yamma huɗu na yi a kansa da ƙamus a gefe. Zan faɗi gaskiya, waɗanda suka rubuta shi sun fi ni hankali nesa ba kusa ba. Sun ware kaso don wuyar abin da aka yi, kaso don yadda aka tsara shi ya bi juna, kaso mai tsoka don tsabtar aiki. Sannan can a sama suka ajiye ɗan abin lasawa don kasada, da sabon salo, da ƙwarewa. Na ga inda ka ja layi da jan biro ƙarƙashin kasada, har sau biyu, har takardar ta huje. Shafukan da ke bayanin abin da ake yankewa idan ƙafa ta buɗe, ko gwiwa ta lanƙwashe, ko an ƙara taku wajen sauka, a manne na same su tun daga maɗaba'a. Ni na raba su da wuƙar yanka kuɓewa. Da ka buɗe su da ka ga abin da za a ƙara maka don kasada bai kai abin da za a yanke maka idan ka faɗi ba. Uwarka malamar lissafi ce, Nasiru. Ko wuyanka ba ka tausaya wa ba, ai ka tausaya wa sunana.

Amma ko littafin nan kada ka ba shi amanar jikinka. Na san yadda abin yake tafiya, na gani a ƙaramin fili. Abin da ake kira kasada bana, baɗi kowa ya iya shi, sai alƙalai su rasa yadda za su raba ku, sai wani ya ƙara layi ɗaya a ƙasan takarda. A gabatarwar littafin ma sun faɗa da bakinsu cewa sukan sake shi bayan 'yan shekaru. Su suna da damar sake bugu. Ƙashin bayanka bugu ɗaya aka yi masa. Kuma wanda zai ƙara layin nan yana zaune ne a kan kujera da alƙalami, kamar yadda na zauna. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba, kuma mai alƙalami ba ya bin ka ciki.

Ranar Alhamis na je Gaya wajen Hamisu. Yana kan keke yana ɗinki, ya ɗago ya ce, "Malama, sannu da zuwa. Yau kuma me ya yage?"

Na ce babu abin da ya yage. Na zauna a kan bencinsa na ba shi labarinka, sannan na faɗi abin da na yi shekara goma sha uku ina ɗauke da shi. Na ce ni na rubuta layin nan na maki goma, ni na ce masa kaɗan ya yi, ya yafe mini.

Ya tsayar da keken. Ya ce, "Ai na sani, Malama. Shekara da shekaru kina kawo mini kayan da ba su yage ba. Akwai zanen da na yi wa kalmasa sau uku, saura kaɗan ya koma ɗankwali."

Na yi dariya, hawaye na zuba. Ya ce, "Takarda ba ta hau turmi ba, ni na hau. Kofin nake so, kamar kowa. Abu ɗaya ne kawai nake tunawa. Da Baba Tanko yana wurin da bai share mini ba, da na sauko. Ranar nan kowa yana cewa in yi, babu wanda ya ce mini ban isa ba."

To ni ina gaya maka, tunda ni ce uwarka kuma ba kofi nake nema a wurinka ba: ba ka isa ba tukuna. Ba ni kaɗai na faɗa ba. Hamisu ya ce ran da ka je karɓar wandonka ka yi wa yaran layinsu alkafura a ƙofar shago, ya leƙo ya gani. Ya ce, "Yaron yana da tashi, ya fi ni tsawo a iska. Amma ƙafarsa ta hagu tana riga ta dama sauka, kuma yana neman ƙasa da ido tun bai gama juyi ba. A juyi ɗaya zai sha. A biyu wuyansa ne zai biya." Daga kan keken ɗinki ya ga wannan, a kallo ɗaya. Alƙalanka uku da littafinsu ba su gaya maka ba, don ba aikinsu ba ne. Su bayan ka faɗi suke rubutu.

Idan Allah ya sa ka tafi Legas, ga sauran kaɗan. Ka riƙe salla a kan lokacinta, ko abokan ɗakinka ba sa yi. Ka nemi mutum ɗaya a wurin, ko mai horarwa ne ko tsohon ɗan wasa, wanda ba ya jin nauyin ce maka ba ka isa ba, ka manne masa, ka guji masu yi maka kirari. Idan wani wuri yana maka ciwo ka faɗa, ɓoye ciwo ba jarumta ba ce, wauta ce mai sanye da rigar jarumta. Kada ka raina wanda ya zo bayanka a maki, wata rana takarda za ta sauya ya zo gabanka. Ka rubuto wa yayarka, ita ta kwana a kanka a asibiti. Idan ka rubuto mini kuma kada ka faɗa mini nawa ka ci. Ka faɗa mini yadda ka sauka.

Allah ya ƙara maka sauƙi, ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare ka a sama da ƙasa, ya haɗa ka da mutanen kirki a duk inda ka sa ƙafa. Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan mahaifinka da Baba Tanko. Mutanen gida duk suna yi maka sannu.

Saura maganar takarda. Rakiya ta ce nan da mako uku wuyanka zai saki, likita zai bar ka ka yi tsalle. Juma'a ta uku daga yau, bayan an sauko daga masallaci, ina son ganinka a Balan, a bakin rafi. Ruwa ya ja baya, na aika an duba. Hamisu ya yarda zai rufe shago ya zo, shi zai share, shi zai tsuguna ya duba. Alkafura ta baya, juyi ɗaya tak, sau goma. Idan ya ce biyu sau goma, a nan kan rairayin zan sa hannu, in ɗora takardar a bayanka in rubuta sunana, kuma zan yi maka guɗa, abin da ban taɓa yi a gaban jama'a ba tun da aka fara kirana Malama. Wannan karon zan kalla, ba zan sunkuyar da kai ba. Idan ka zo ka kasa, babu faɗa, ka koma ka gyara ƙafar hagu, Legas ba ta gudu, baɗi ma shekara ce.

Idan kuwa la'asar ta yi ranar nan ban gan ka ba, Asabar da safe zan shiga motar Ɗanlami, gidan gaba, in gaya masa inda za ni da abin da zai kai ni, ka kuwa san kafin mu kai Wudil rabin Kano ta ji. Zan miƙa wa mai horar da ku takardar yadda ta zo, fara, in karanta masa alƙawarinka daga bayan kalanda a gaban abokanka, sannan in zauna a bakin katifar nan har ka ɗauko akwatinka.

Na sayi sabuwar tsintsiya ranar kasuwa. Tana bayan ƙofa, ban share komai da ita ba.

Wassalam. Ni ce innarka,
Hajara.